Shawarwarin maharba kan zaɓen bindiga guda don farauta iri-iri

A tattaunawar da aka yi kan bindigar da za ta wadatar da mutumin da ke farautar tsuntsaye da namun daji, mafi yawan maharban sun tsaya a kan bindiga mai watsa ƙwayoyi (shotgun) mai lamba 12, lambar da ke nuna faɗin bututunta, domin harsashinta ya fi samuwa a kasuwa kuma nau'o'insa sun fi yawa. Wasu sun fifita lamba 20, mai ƙaramin bututu, saboda rashin nauyi da sauƙin naushinta a kafaɗa, amma sun amince cewa ƙwayoyin da take watsawa ba su kai na lamba 12 yawa ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun harsashi da bakin bindiga. An ce a nemi wadda ɗakin harsashinta ya kai inci 3, tunda tana karɓar na inci 2¾ ma, sannan bututunta ya kasance tsakanin inci 26 da 28, kuma ana iya sauya abin matse bakinta. Ƙananan ƙwayoyi masu lamba 6 ko 7½ sun dace da kurciya da fakara, masu lamba 4 kuwa, waɗanda suka ɗan fi girma, da zabin daji da agwagwar ruwa, yayin da gada ke bukatar manyan ƙwayoyi. Harbi daga nesa fiye da mita 40 yakan raunata dabba ne kawai ta tsere.

Mai baki biyu ta samu yabo saboda ƙurar hunturu ba ta cika hana ta aiki ba. An kuma jaddada cewa a Najeriya sai da lasisin 'yan sanda ake mallakarta.