Lasisina ya kusa ƙarewa, ga kuma yarinyar da ke taya ni riƙon aji

Maman Ikram (firamare, Gwale): Assalamu alaikum malamaina. Abu biyu ne ke tafe da ni. Lasisina na TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, zai cika shekara uku a ƙarshen zangon nan, an kuma ce mini ba kuɗi kaɗai ake biya ba, ana son shaidar cewa mutum ya halarci bita a tsakani. Takardu huɗu gare ni a jaka, wacce ce za ta yi mini rana? Na biyu, akwai yarinyar da ke taya ni riƙon aji ɗaya shekara biyu ke nan, kwamitin makaranta ke ba ta ɗan ihsani. Takardar sakandare kawai gare ta, amma Allah ya ba ta hannun yara. Ba na so ta tsufa a haka. Ina za ta dosa?

Baba Hedimasta (mai ritaya, Dala): Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara rarrabe takardu biyu da mutane ke haɗawa. Takardar rajista daban, ita ce ke nuna sunanki ya shiga kundin malamai. Lasisi daban, shi ne izinin tsayawa gaban allo, shi ake sabuntawa duk shekara uku. Dokar da ta kafa hukumar tun 1993 take, hukumar kuma ta kasa malamai gida huɗu: A masu digiri na uku, B masu na biyu, C masu digirin farko, D masu NCE. Kuɗin shekara-shekara ma da rukunin mutum yake tafiya. Game da takardunki, ki duba wa ya shirya bitar. Wadda ta fito ta hannun SUBEB ko UBEC (hukumomin ilimin matakin farko na jiha da na tarayya), ko NTI (cibiyar horar da malamai ta ƙasa), ko kwalejin ilimi, ko ita TRCN ɗin kanta, ita ce mai nauyi. Ki tabbata akwai kwanan wata, da taken bitar, da yawan kwanakin, da sa hannu. Ki yi fotokwafi, ki kuma ɗauki hoton kowacce a waya kafin damina ta taɓa su.

Maman Ikram: Allah ya ƙara girma Baba. Biyu na SUBEB ne, ɗaya ta Jolly Phonics (koyar da karatu ta sautin haruffa), ta huɗun wata ƙungiya ce ta shirya a wani otal.

Malama ta Fagge: Yaya, wannan ta otal ɗin ce nake jin tsoro. Ni ma an taɓa yi mini. Muka biya kuɗi, muka zauna daga hantsi zuwa azahar, mutum ɗaya ya karanta mana abin da ke jikin majigi, aka raba takardu masu ƙyalli da hatimi ja. Har wadda ba ta zo ba an kai mata tata gida. Da na kai wurin da ake buƙata aka dawo mini da ita. Kuɗin ya yi mini ciwo, amma abin da ya fi damuna shi ne na koma aji ranar Litinin ba abin da na ƙaru da shi. Tun daga nan, kafin na biya ko sisi sai na tambaya ko TRCN ta amince da masu shiryawar, na kuma ce a nuna mini a rubuce.

Malamin Lissafi (sakandare, Tarauni): Masu koyar da kimiyya da lissafi kada su manta da STAN (ƙungiyar malaman kimiyya) da MAN (ƙungiyar lissafi). Suna taron shekara-shekara da bitoci, ana ba da shaida, kuma abin da ake yi a can ya shafi darasinka kai tsaye. Wanda kuma ya yi digiri ba na ilimi ba, irina, PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, ce hanyarsa, akwai ta a BUK, akwai ta a NTI. Jarrabawar cancanta da TRCN ta fara a 2017 a kwamfuta ake yin ta. Na ga malamai masu ilimi na gaske sun rikice saboda hannunsu bai saba da linzami ba. Duk mai shirin zama ya shiga kafe ko sau uku ne ya gwada tukuna.

Malam na Kurna: Ku gafarce ni, ni dai ina da ƙorafi. A wata makaranta da na taɓa zama, shekara biyar ban ga sunana a jerin masu zuwa bita ba. Kullum mutum uku ne, su ke karɓar alawus, su ke tara takardu. To mu da ba a tura mu, da me za mu sabunta?

Baba Hedimasta: Maganarka tana kan hanya Malam, na ga irinta da idona. Kuɗin horon nan ba alfarmar kowa ba ne. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, a cikinsa kuma kashi 10 na horar da malamai ne. Lokacin da nake riƙe da makaranta littafi na buɗe: wanda ya je bana, baɗi wani ne, kuma duk wanda ya dawo sai ya tara sauran ranar Alhamis bayan an tashi ya maimaita musu. Ka kai wa hedimastanka wannan shawarar cikin ladabi, ka fi kyau ka tafi da mutum biyu. In bai yiwu ba ka rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku cewa kana neman a saka ka, ka ajiye kwafi.

Jami'ar tallafa wa makarantu (Kumbotso): Ni aikina zagaya azuzuwa ne, bari na faɗi abin da nake gani. Sau da yawa na buɗe fayil ɗin malami na tarar da takardun bita fal, na shiga ajinsa na samu yara tamanin suna bin bakinsa kamar karatun allo, amma ka ware ɗaya ka nuna masa "ba" da "bi" sai ya sunkuyar da kai. Horon da na ga ya canja aji shi ne wanda ake bin malami har makarantarsa. Haka ESSPIN, shirin tallafa wa ilimi, ta riƙa yi a Kano tun daga 2008: a yi bita gajeriya, malami ya koma ya gwada, jami'i ya zo ya zauna a bayan aji, bayan darasi su tattauna. Haka ma tsarin TaRL, na koyar da yaro daidai matakinsa, da aka gwada a Wudil da Dawakin Tofa. Kowane yaro za a gwada shi shi kaɗai, a ga inda ya tsaya: bai san harafi ba, ko yana haɗa gaɓa, ko yana karanta jimla. Sai a kasa su bisa wannan matakin, ba bisa shekaru ko aji ba. A lissafi da tsinke da ɗauri ake aiki, tsinke goma ɗauri ɗaya, yaro ya riƙe goma a hannunsa kafin ya rubuta ta. Maman Ikram, ki tara takardunki, dole ne. Amma ina roƙonki, ita ta Jolly Phonics ɗin ki ciro littafin da aka ba ku ki sake bi, domin aji ɗaya kike riƙe da shi, nan ne yaro yake kama karatu ko ya kuɓuce masa. Akwai kuma dandalin darussa na intanet mai suna Nigeria Learning Passport da aka ƙaddamar a 2022, kyauta ne a waya, data kawai za ki saka.

Maman Ikram: Wallahi Anti kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Littafin yana ƙasan akwati. To batun yarinyar fa?

Baba Hedimasta: NCE ce ƙofa, ba wata. Ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a manufar ilimi ta ƙasa, Gireti Tu irin tamu ta dā ta wuce. Sai da ita za ta zauna jarrabawar TRCN ta shiga rukunin D. Duk bitar da za ta halarta kafin nan za ta amfani yara, amma ba za ta mayar da ita malama mai rajista ba, kada kowa ya yaudare ta. Tunda tana aiki, NTI ta fi dacewa da ita. Hedikwatarta na Kaduna, tun 1976 aka kafa ta saboda irinsu, ana karatu ƙarshen mako da lokacin hutu a cibiyoyi. In kuma iyayenta za su iya sakin ta gaba ɗaya, ga Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso, shekara uku.

Malama ta Fagge: Ta zaɓi ilimin firamare ko na renon ƙananan yara, tunda nan baiwarta take. Kada ta bi ƙawaye zuwa kwas ɗin da zai raba ta da 'yan aji ɗaya. Kuma Yaya, ki sa hedimasta ya rubuta mata wasiƙa mai hatimi cewa ta yi shekara biyu tana wannan aiki. Ranar ɗaukar ma'aikata za ta gode miki.

Maman Ikram: Yanzu na kira ta. Kiredit huɗu gare ta, har da Turanci, lissafi ne ta faɗi.

Malamin Lissafi: To nan za a fara, da gyara lissafin. Ta yi rajistar NECO ko WAEC ta 'yan waje da ake yi ƙarshen shekara. Ina koyar da wasu ɗalibai ranar Asabar da safe, kyauta, akwai 'yan mata a cikinsu. In mahaifinta ya amince ta zo da tsofaffin takardun tambayoyi na shekara biyar.

Maman Ikram: Allah ya saka da alheri Malam. Gobe bayan la'asar zan je gidansu da kaina na yi wa mahaifinta bayani. Baba, zan turo muku hoton takardun huɗu ku duba mini kafin na nufi ofis.

Baba Hedimasta: Turo 'yata. Ki haɗa da rasit ɗin kuɗin shekara-shekara, in akwai shekarar da kika tsallake mu lissafa tun yanzu.