Na sauke injin CB125S na haɗa, wuta akwai, mai akwai, amma ya ƙi tashi

Mai CB125:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin tsofaffin mashina ku taimaka mini da shawara, yau kwana tara ke nan ina fama.

Mashin ɗin Honda CB125S ne na 1974, mai silinda ɗaya, 122cc, batir mai bolt 6, mai kwantak, wato 'yan ƙarafan nan da buɗewarsu ke sa wuta ta zo wa fulogi. Na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Ya fi shekara goma sha biyar a jingine, da na janyo shi ma fistin ya kama, kik ba ya motsi ko kaɗan. Na ɗauki wata huɗu ina aikinsa da daddare bayan na taso daga aiki, kuma da hannuna na yi komai ban da borin silinda, wanda na kai wa masu injin aikin.

Abin da na sa sabo: fistin da ringi, sarƙar tayimin, gaskit duka, kwantak da kwandansa, fulogi, batir. Bawul biyun na wasa su har sai da na zuba kananzir a kai ya kwana bai zurara ba. Na saita tafet, wato 'yar ratar da ake bar wa bawul, a 0.05 mm, bakin kwantak 0.35 mm, bakin fulogi 0.7 mm. Kafireta na warware ta gaba ɗaya na wanke, na busa kowane jet har ina hango haske ta cikinsa. Tanki na wanke, fetur sabo ne.

Idan na cire fulogi na ɗora shi a jikin inji na buga kik, wuta tana fitowa shuɗiya, har ƙararta ina ji, ƙas ƙas. Idan na mayar na buga kamar sau goma na sake cirewa, sai in tarar da shi a jiƙe da fetur. Kik ɗin yana da nauyi sosai a ƙafa, na gwada kwamfireshan na samu 140 psi. Na duba tayimin, wato lokacin zuwan wuta, da 'yar fitila, tana kamawa daidai kan alamar F ta jikin filawil, inda ya kamata wuta ta zo. Amma ko tari ba ya yi irin na injin da ke shirin tashi. Abin da kawai yake yi, can ba a rasa ba, sai ya yi wani harbi, fau, wani lokaci ta salansa, sau biyu kuma ta bakin kafireta har na ga ɗan harshen wuta. Jiya ƙanena ya tura ni a giya ta biyu har muka gaji, babu labari.

Ba na so in sake sauke injin nan ba tare da na san abin da nake nema ba. Ina kuskuren yake?

Ɗan wayarin:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, kafin komai auna batirin. Wannan mashin ba daga maganeto yake samun wutar fulogi kai tsaye ba, daga batir koyil ke sha. Sabon batir mai bolt 6 idan ya cika zai nuna maka kamar 6.3. Kwana tara kana kunna makulli kana buga kik, injin bai tashi ya yi caji ba, zai yi wuya bai sauka ba. Kuma wutar da ka gani a waje ba ita ce shaida ba, domin tsallaka bakin fulogi a sarari abu ne mai sauƙi, a cikin silinda inda iska ta matse kuwa sai wuta mai ƙarfi. Auna shi da makulli a kunne, ka ga nawa ke isa kan koyil. Ka kuma goge bakin sabon kwantak ɗin da farar takarda, sababbi kan zo da maiƙo a jiki. Sannan kada ka riƙa barin makulli a kunne alhali kwantak na rufe, koyil zai yi zafi ya ƙone.

Mai CB125:

Na gode ƙwarai. Na auna yanzu, ya sauka zuwa 5.9. Na yi masa caji ya koma 6.3, na goge kwantak, na sa busasshen fulogi. Wutar ta ƙara kyau, amma har yanzu bai tashi ba. Harbin ma ya ƙara ƙarfi, na ƙarshen sai da kafireta ta yi tsalle a robarta.

Tsohon makanike:

Yaro na, sannu da ƙoƙari. Aikin da ka lissafa aiki ne na mai natsuwa, kuma ina ganin ba sai ka sauke injin ba. Daina buga kik ɗin nan tukuna, ka saurare ni.

Harbin da kake ji shi ne ya ba ni amsa. Injin da ba ya samun mai shiru yake yi. Wanda ba ya samun wuta shi ma shiru. Wanda yake harbi ta salansa yau, gobe ta kafireta, yana da mai yana da wuta, sai dai wutar tana zuwa lokacin da bawul suke buɗe. Ka ce fitilarka tana kamawa a kan F. Na yarda. Tambayata ita ce, wane F?

Inji mai bugu huɗu, karanshaf yana juyawa sau biyu kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. Ke nan alamar F da T (T ita ce mai nuna fistin ya kai ƙarshen hawansa) suna wucewa ta gaban ma'auni sau biyu a zagaye guda. Karo ɗaya fistin ya hau sama yana matse mai da iska, bawul biyu a rufe, nan ake son wuta. Karo na biyu ya hau sama yana korar hayaƙi, bawul na salansa yana gab da rufewa, na kafireta ya fara buɗewa. Filawil bai san bambanci ba, alama ɗaya zai nuna maka. A mashinan da kwantak ke jikin karanshaf ba damuwa, wuta tana zuwa duk juyi. Naka kuwa kwantak ɗinsa a saman inji yake, gefen hagu, a bakin kamshaf, don haka sau ɗaya yake ba da wuta a juyi biyu. In ta faɗa a karon hayaƙi, to ka buga kik har shekara ba zai tashi ba, sai dai ya kunna ɗan man da ya saura ya tofar da shi ta duk ƙofar da ya samu a buɗe.

Yadda hakan ke faruwa a wannan injin: bayan farantin kwantak akwai adbansa, abin nan mai 'yan ƙarafa biyu da sifirin da ke buɗewa idan inji ya ɗau gudu. Gindinsa hanya ɗaya kawai yake shiga kamshaf saboda akwai ɗan fin da ke riƙe shi. Amma ɗan bututun da ke kansa, mai tudun da ke buɗe kwantak, ana iya zare shi, kuma yana komawa ta fuska biyu. Duk wanda ya zare shi don ya wanke tsohon giris, in bai lura ba sai ya mayar da shi a juye, rabin zagaye. Kuma zai zauna daram kamar ba abin da ya faru. Shin ka warware adbansa ɗin lokacin wanki?

Ga yadda za ka gane ba tare da ka kwance komai ba. Cire fulogi, buɗe murafen tafet biyu da murfin kwantak. Juya filawil da sifana a hankali zuwa hagu, yadda inji ke juyawa, idonka a kan bawul na kafireta. Zai nutse, zai dawo. Da ya dawo, ci gaba da juyawa, toshe ramin fulogi da babban yatsa, za ka ji iska tana ture yatsan. F ɗin da zai zo a wannan lokacin shi ne naka. Tsaya a nan ka kalli kwantak. In ya fara buɗewa, maganata ta faɗi, sai mu nemi wani abu. In yana rufe ruf, kuma sai ka ƙara cikakken juyi ɗaya sannan ya buɗe, to mun kama ɓarawon.

Tun da kana wurin, kai shi T na wannan karon ka girgiza tafet biyun da yatsa. Dole ka ji ɗan motsi kaɗan a duka biyun. In kuma ka ji suna ƙwal ƙwal da yawa, to su ma a karon hayaƙi ka saita su, sai ka sake. Ka leƙa haƙorin sarƙar tayimin na sama, alamar O ta kasance daidai da tsagin da ke jikin kan silinda lokacin da T ke kan ma'auni. Ko da yake 140 psi da sabon ringin da bai zauna ba yana nuna mini sarƙar tana kan hanya.

Mai CB125:

Baba, wallahi na warware shi. Giris ɗin ciki ya bushe ya zama kamar ƙasa, ƙarafan ba sa motsi, na zare bututun na jiƙa shi a kananzir na mayar. Ban san yana da fuska ba.

Na yi yadda ka ce. Iska ta ture yatsana, F ya zo, kwantak yana rufe. Na ƙara juyi ɗaya, yana zuwa F sai ga shi ya buɗe, fitila ta kama. Tafet kuwa lafiya suke, domin su na saita tun inji yana kan tebur ina kallon bawul. Tayimin ne na yi daga baya, na bi inda fitila ta kama kawai. Yanzu ya zan juya shi? Ina tsoron kada in ɓata sifirin ɗin.

Tsohon makanike:

Alhamdu lillahi. Ba sai ka taɓa sifirin ba. Kwance farantin kwantak, kwance notin tsakiya, zaro adbansa. Lura da ɗan fin ɗin nan kada ya faɗi ya ɓace. Riƙe gindin da hannu ɗaya, buɗe ƙarafan biyu da yatsu, bututun zai zame ya fito. Juya shi rabin zagaye, shafa masa giris kaɗan a ciki, sake buɗe ƙarafan ka zura shi har ƙafafunsu su faɗa cikin tsaginsa. Murɗa shi da hannu ka saki, ya kamata ya dawo da kansa. Ka mayar, ka fara saita bakin kwantak, sannan tayimin, domin duk lokacin da ka taɓa bakin, tayimin ya gusa.

Abu biyu kafin ka tayar. Na farko, sansana baƙin man. Kwana tara kana tura fetur cikin silinda ba ya ƙonewa, yana wanke man jikin bango yana gangarawa ƙasa. In ka ji warin fetur, juye shi ka zuba sabo, ka kuma ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin fulogi ka buga kik kaɗan ba fulogi. Na biyu ya fi muhimmanci. Kamshaf na wannan injin a jikin alminiyon kan silinda yake juyawa, mai ne kawai tsakaninsu, hanyar da man ke hawa kuma ƙarama ce, gam ɗin gaskit kaɗan ya isa ya toshe ta. Da ya tashi, sassauta murfin tafet ɗaya ka leƙa. In ba ka ga mai yana fantsama ba cikin 'yan daƙiƙu, kashe shi nan take. Na ga kan silinda da yawa da suka lalace a minti biyar na farko bayan an gama aiki mai kyau.

Ɗan wayarin:

Ka kuma duba robar da ke tsakanin kafireta da inji, tun da ka ce harbin ya girgiza ta. In ta tsage za ta ja iska, silo ba zai zauna ba.

Mai CB125:

Ya tashi! Bugu na biyu, da cok rabi. Man kuwa da gaske yana warin fetur, na canza shi kafin in gwada. Na sassauta murfin tafet na gaba, ban ƙirga goma ba mai ya fantsamo mini a bayan hannu. Ya yi ɗan farin hayaƙi na minti biyu saboda man da na ɗiga, sannan ya washe. Robar kafireta ba ta tsage ba, ɗaurinta ne ya saki, na ƙara matsewa. Na bar shi ya yi zafi na kashe, gobe da safe in ya huce zan sake auna tafet. Mahaifiyata ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce tun daga ciki ta gane ƙarar.

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ɗan wayarin, kai ma na gode. Saura tambaya ɗaya: tafiyar kilomita nawa zan yi kafin in sake juye mai?

Tsohon makanike:

Amin, yaro na. Ni a sabon bori ba na wuce kilomita 300 zuwa 500 ban juye ba, kuma in ka juye ka wanke 'yar ragar tace man da ke cikin murfin magudana, za ka ga ɗan garin ƙarfe, na zaman ringi ne. A tsakanin nan kada ka bar shi yana dogon silo a tsaye, iska ce ke sanyaya shi. Hau ka yi tafiya, kana canza giya, kana ɗaga totur kana saki, amma kada ka matse shi har ƙarshe. Bayan juyen farko ka sake ɗaure notocin kan silinda inji na sanyi, ka duba tafet da sarƙar tayimin, sabuwar sarƙa takan saki kaɗan.