Wai ilimi kyauta ne? Yadda muhawara ta kaya a zauren unguwarmu

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, ku bari in faɗi abin da ke cikina. A daina ce mana ilimi kyauta ne. Tun 2004 doka ta ce daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, shekara tara cif. To yau an koro min yara biyu daga makarantar gwamnati, ba ta kuɗi ba, a kan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da kuɗin takardar jarrabawa. Kafin nan na ɗinka kayan makaranta, na sayi littattafan rubutu, an ce a kawo tsintsiya, an ce a kawo kuɗin alli, ga kuɗin tara kullum safiya. Ni adaidaita sahu nake tuƙawa. In na sha mai na cire balas na mai babur, abin da ya rage da ƙyar yake isar awo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ban sake ganin daidai ba. Maƙwabcina ya riga ya cire nasa, maza biyu ya tura tsangaya, macen tana tallar awara. Da gangan ake so 'ya'yan talaka su tashi jahilai.

Maman Hanifa: Allah sarki. Allah ya kawo mafita, Baban Khalifa.

Alaramma: Wa'alaikumus salam. Allah ya hore maka, ɗan'uwa. Amma ka janye kalma ɗaya. Yaran da aka tura tsangaya su ne za su tashi jahilai? Wanda zai haddace izu sittin, ya rubuta shi da ka a kan allo ba tare da ya duba ba, shi ne jahili? Ka ji tsoron Allah.

Baban Khalifa: Allah gafarta malam, ba haka nake nufi ba. Ni kuɗin makaranta nake magana a kai.

Injiniya: A'a Baban Khalifa, kada ka janye komai. Allah gafarta malam, mu faɗa wa juna gaskiya. Yaro nawa ne a cikin masu yawo da roba a bakin danja suke kai wa ga hadda? Yaron da ya wuni yana neman ɗumame da wankin kwanuka a gidajen mutane, yaushe ya zauna ya wanke allo? Mafi yawansu ba bokon ba Alƙur'anin, sai su girma su shiga turin baro ko yankan farce. In ba a kira wannan jahilci ba, me za a kira shi?

Alaramma: Kai ka ƙirga su da za ka ce mafi yawansu? Kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903, da wane rubutu ake tafiyar da mulki da shari'a da fatauci a ƙasar nan? Da Larabci da ajami. Makarantar boko ta Baturen nan Ɗan Hausa da ke Nasarawar Kano sai 1909 aka buɗe ta. Kana nufin duk kakanninka na kafin nan jahilai ne? A da sarakuna da masu hali ke riƙe da tsangayu, ana ba da zakka, malam na da gona, almajirai na taya shi noma. Da aka karɓe baitulmali aka juya shi ga boko aka bar mu da Allah, shi ne bara ta yi yawa. Ku ci kasonmu sannan ku zage mu.

Injiniya: Ni ban zagi kakannina ba, kada a ɗora min abin da ban faɗa ba.

Malama Ta-Annabi: Ku duka kuna ta maganar maza. Ita yarinyar mai tallar awara fa? Ba boko, ba tsangaya, ko islamiyyar yamma ba ta samu saboda lokacin ne kasuwar awara ke ci. Shekara ta goma sha ina koyarwa a firamare, kuma na san yadda abin ke tafiya: yarinya tana zuwa kullum har aji huɗu, sai ta fara fashin ranar kasuwa, sai ta koma zuwa sau biyu a mako, sai ka daina ganin ta. In ka bi ta gida uwar ta ce maka da ribar tallar ake cefane, da ita kuma ake tara kayan ɗaki. Ba ƙin karatu take yi ba. Lokacin da ake ciyar da ɗalibai, abincin naira 70 ne kacal kowane yaro, amma ajina har ƙasa ake zama. Da abinci ya tsaya aka watse.

Alaramma: Malama, maganarki gaskiya ce, amma har yanzu ba a janye kalmar ba.

Ɗan Damagaram: Ni dai a wurinmu a Nijar wanda bai yi lakwal ba, wato boko, ba a ce masa jahili, sai dai a ce bai yi lakwal ba. Ku mutanen Najeriya kun ɗauki takarda kun ɗora a ka.

Injiniya: Aboki, ai mu ma ba mu ce a bauta wa takarda ba. Amma je ka asibiti ka ce mai izu sittin ya yi maka tiyata.

Gardi: Kai kuma in ka mutu ka ce injiniya ya yi maka salla.

Maman Hanifa: Subhanallahi. Don Allah ku sassauta, da manya a zauren nan.

Jar Hula: Duk wannan ba ta taso ba da an bar aikin Madugu Kwankwaso ya ɗore. Wa ya fara ciyar da yaran firamare a Kano ya ba su kayan makaranta? Wa ya kafa jami'ar Wudil da Northwest? Wa ya kwashi 'ya'yan talakawa ya kai su ƙasashen waje suka dawo likitoci da matuƙan jirgi? Ɗan mai facin taya na sani da ya je ya yi digiri na biyu. Yanzu ma ga dokar ta-ɓaci da gwamnatin Kano ta sa a kan ilimi a 2024. Wanda bai gode ba dai bai gode ba.

Baba Ɗan Gandu: Ka ji su kuma. Waye ya ayyana ilimi kyauta kuma dole a Kano a 2019, har zuwa babbar sakandare? Ganduje ne, ko kun so ko kun ƙi. Kuma tunda an sa dokar ta-ɓaci, me ya sa aka koro yaran Baban Khalifa yau? Yau fa, ba zamaninmu ba.

Jar Hula: Ɓarnar shekara takwas ba ta gyaruwa a kwana biyu, Baba.

Baba Ɗan Gandu: Yaro, ina siyasa tun ba a haife ka ba. Mu ne 'yan UPE na 1976, shirin ilimin firamare ga kowa, a ƙarƙashin bishiya muka fara aji ɗaya.

Barista: In za a saurare ni. Matsalar ta wuce gwamna ɗaya. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin matakin farko ta UBEC, amma jiha ba ta taɓa kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Jihohi da dama ba sa ajiyewa a kan lokaci, kuɗin ya yi ta kwana a Abuja, shugaban makaranta kuma ba shi da na sayen alli, sai ya juya kan iyaye. Asalin kuɗin da ake tambayar Baban Khalifa ke nan. A 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na 'yan manyan makarantu ne. Yaron da ya faɗi a aji huɗu na firamare ba zai taɓa jin ƙamshinsa ba.

Alaramma: Barista, tunda ka san doka, ka faɗa musu: makarantun tsangaya na zamani da Jonathan ya gina, wadda ya buɗe a Gagi ta Sakkwato a 2012 da sauransu sama da 150, da aka miƙa wa jihohi ina suka shiga? A 2020 lokacin korona, gwamnoni ba su loda almajirai a motoci suna mayar wa juna ba? 'Yan boko ne suka yi wannan, masu digiri. To waye jahili a nan?

Injiniya: Da iyayen sun riƙe 'ya'yansu a gabansu da ba a loda kowa a mota ba. Mutum ya haifi goma sha biyar yana da ƙarfin riƙe uku, sannan ya ce gwamnati.

Gardi: To ga ta nan, ta fito fili. Dama ƙayyade iyali kake son kawo mana, aikin da aka turo ku ke nan.

Injiniya: Wa ya turo ni? Ka faɗi sunansa in kai ɗan halak ne.

Malama Ta-Annabi: Injiniya, a ajina akwai marayu, akwai 'yan gudun hijira da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, akwai wanda su biyu ne kawai wurin ubansu amma ba ya iya sayen takalmi. Ba kowa ne ɗan gidan goma sha biyar ba.

Baban Khalifa: Jama'a, ni fa tambayata ita ce gobe ya zan yi da yaran nan.

Gardi: Ka fara ba Alaramma haƙuri tukuna.

Baban Khalifa: Na ba shi tun ɗazu. Allah gafarta malam, ka yi haƙuri, na janye.

Alaramma: Ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Saura Injiniya.

Injiniya: Ni ban faɗi abin janyewa ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Abin da zaure ya fahimta shi ne almajiri ba jahili ba ne, kuma Alaramma ya kawo hujjoji na tarihi da babu wanda ya iya ture su. Ni kaina a gaban gardi na yi sauka kafin in shiga boko, don haka na san abin da yake faɗa. Baban Khalifa ya nuna tarbiyya da ya janye kalmarsa. Injiniya ya yi zafi da yawa, kuma maganarsa a kan haihuwa ba ta dace da zaure irin wannan ba, muna jiran ya gyara. Barista da Malama sun yi bayani mai amfani. Batun siyasa ba ma son sa a nan, ko da yake ayyukan da Jar Hula ya lissafa kowa ya gan su da idonsa. Baban Khalifa, ka same ni da safe bayan sallar asuba mu je wurin shugaban makarantar tare, wataƙila ya ɗaga maka ƙafa zuwa ƙarshen wata. Na rufe zaure sai ƙarfe bakwai na safe.