Wai kulɓa macijiya ce mai ƙafa?

Mai Gardama: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, kulɓa ƴar uwar maciji ce ta kusa. Ku dubi santsin jikinta da yadda take sulalewa cikin ciyawa, ga ƙafafun guntaye kamar liƙa mata aka yi, wasu ma babu ƙafar sam. To me ya rage?

Malamar Kimiyya: Kama da wane ba ta wane. Da aka bi ƙwayoyin gadonsu, maciji ya fi kusa da damo da guza, kai har da hawainiya da jan gwada, fiye da kulɓa. Ka lura da harshen damo, baki biyu gare shi kuma yana ta zaro shi yana mayarwa, na kulɓa kuwa faffaɗa ne.

Mai Gardama: Naji ranki ya daɗe, marasa ƙafan fa, ya za ki yi da su?

Malamar Kimiyya: Ai rasa ƙafa ba sau ɗaya ya faru ba, zuri'o'i daban-daban ne kowace ta rasa tata, musamman masu nutsewa cikin yashi inda ƙafa sai dai ta zama kaya. A Ostareliya akwai jinsin Lerista, wata yatsu biyar, wata biyu, wata ƙafafun baya kawai, wata babu ko ɗaya, kuma dukkansu kulɓa ne cikin dangin da ya haura iri 1,500.

Baban Yara: Malama ki yi haƙuri in sa baki, ni abin da ke ɗaure min kai haihuwa take yi fa ba ƙwai ba, kamar kasa.

Malamar Kimiyya: Ba duka ba Baba, da yawansu ƙwai suke yi, mesa ma ai ƙwai take sakawa ga ta macijiya. Haihuwar ɗa da rai ta ɓullo fiye da sau 100 tsakanin ƙadangaru da macizai, don haka ba ta nuna dangantaka. Wata kulɓar Ostareliya mai suna Saiphos equalis ma ita ce abin mamaki, na wajen birnin Sidni ƙwai suke yi, na kan tsaunukan arewa da can haihuwa, a 2019 aka ba da rahoton wata guda da ta saka ƙwai uku sannan bayan makonni ta haifi ɗa. Jinsin kulɓar Mabuya na Kudancin Amurka kuwa har mahaifa gare su, ƙwan bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, uwar ce ke ciyar da ɗan a ciki.

Ƴar Auta: Tab! To dafin fa Anti? ni shi nake tsoro wlh

Malamar Kimiyya: Ba ta da shi ƙanwata. Gara, fara, gizo-gizo, tsutsa, abincinta ke nan galibi. Babbarsu ma ta tsibiran Solomon ganye take ci a saman bishiya tana riƙe reshe da wutsiya.

Mai Gardama: Hmm. Na saki maganar dafi da haihuwa, amma a ce hawainiya mai tafiyar nan ta fi kulɓa kusa da maciji, wannan sai kin turo min zanen zuri'ar na gani da idona tukuna.