Dariyar a kan wa za ta faɗa? Muhawara kan fim ɗin barkwanci na mata 'yan wasa

Mai Gidan Kallo, Jahun: Salamu alaikum. Maganar da ake ta yi cewa a shirya fim ɗin barkwanci a kan 'yan mata masu gasar wasanni, a ɗauke shi a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, ni na ce ba zai yiwu ba. Ɗayan biyu ne. Ko dai a yi shi da natsuwa ya fito lami babu mai dariya, ko a nemi dariya ta faɗa a kan yaran: wannan ta faɗi, waccan ta kai wa ƙwallo shuri ta sami iska, mai ƙiba tana haki. Camama haka ta gada, dole a sami wanda za a mayar wawa. Uban da ya kalli wannan gobe ba zai bar 'yarsa ta shiga ko tseren makaranta ba.

Malamar Wasanni, Ringim: Wa alaikumus salam, Alhaji. Rabin maganarka gaskiya ce, dole a sami wanda za a yi wa dariya. Amma wa ya ce sai 'yar wasan? Dubi fim ɗin Bend It Like Beckham da aka yi a Ingila a 2002. Yarinya ce 'yar Indiyawa mazauna Landan, iyayenta ba sa son ta buga ƙwallo. Duk inda ta taɓa ƙwallo a fim ɗin da gaske take, ba a wasa da ƙwarewarta. Dariyar tana wajen uwarta da ta dage sai ta koya mata girki, da dangi masu kai gulma, da ƙaryar da take shirgawa don ta fita atisaye, da yadda wasan ƙarshe ya faɗo rana ɗaya da bikin yayarta. Cire Landan ka sa Ringim, me ya canza? Gwaggo mai sa ido muna da ita, biki da ke cin karo da komai muna da shi.

Mai Rubutun Fim, Bichi: Malama ta taɓo inda aikin yake. A rubutu, fim irin wannan layi biyu ne ke tafiya tare. Layin gasa: akwai abin da ake nema, akwai ranar da za a yi, akwai abokan hamayya da suka fi ƙarfi. Wannan ba a wasa da shi ko kaɗan, don in mai kallo bai damu da wa zai ci ba, fim ya mutu. Layin dariya kuma na mutanen da ke kewaye ne. Shugaban makaranta da ya yi alƙawarin riguna, aka kawo masu girman buhu. Alƙalin wasa da usur ɗinsa ya toshe da ƙura. Direban da ya kai su garin da ba nan ake gasar ba. Yayan yarinya mai cika baki da ta tsere masa a gaban abokansa.

Indiyawa ma haka suka yi a Dangal na 2016, labarin Mahavir Singh Phogat da 'ya'yansa Geeta da Babita, 'yan kokawa daga jihar Haryana. Ba fim ɗin barkwanci ba ne zalla, amma kusan duk dariyar farkonsa a kan ɗan'uwansu namiji take, wanda aka kawo don su riƙa gwada kokawa da shi suna maka shi da ƙasa. Geeta ta gaske kuwa ta ci zinare a gasar Commonwealth ta 2010 a Delhi.

Mai Gidan Kallo, Jahun: Kokawa? Mace da namiji? Kai ƙanena, a nan ka ga an yi?

Mai Rubutun Fim, Bichi: A'a Alhaji, misalin gini na kawo, ba wasan ba. A fim ɗin Hausa namiji ba ya taɓa mace, kowa ya sani. Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa tun 2001, ba za ta bari ba, masu kallo ma ba za su bari ba. Wannan yana canza rubutun tun daga tushe. Koci dole ta zama mace, don koci tana gyara wa 'yar wasa tsayuwa, tana ɗaga wadda ta faɗi, tana ɗaure targaɗe. Haka mai ba da taimakon gaggawa. Sannan tsohuwar dabarar nan ta yarinya ta yi shigar maza ta shiga ƙungiyarsu, wadda Turawa suka sha yi, a ajiye ta gefe, ba za ta wuce tacewa ba.

Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta, Rano: 'Ya'yana, kuna ta maganar ƙasashen waje, ku fara zaɓar wasan tukuna. Ƙwallon ƙafa ba shi ne 'yan matan makarantun kwana suka fi sabawa da shi ba. Abin da ake yi shi ne tsere, da ƙwallon hannu, da ƙwallon raga, musamman lokacin gasar gida-gida. In kuna son mai kallo na ƙauye ya yarda da labarin, ku ɗauko abin da ya taɓa gani da idonsa.

Malamar Wasanni, Ringim: Haka ne Hajiya, kuma lissafi ma yana bayanki. Ƙwallon ƙafa mutum 22 ne a fili, ban da 'yan benci. Ƙwallon hannu bakwai-bakwai ne, 14 ke nan, filinsa mita 40 a tsayi, 20 a faɗi. Ƙwallon raga shida-shida, fili mita 18 da 9, ragar mata tsayinta mita 2.24. Samun 'yan mata 14 da suka iya wasa ya fi samun 22 sauƙi nesa ba kusa ba.

Ni ƙwallon hannu zan zaɓa, don dokokinsa da kansu suna haifar da dariya ba tare da an wulaƙanta kowa ba. Ba a yin taku fiye da uku da ƙwallo a hannu, ba a riƙe ta fiye da daƙiƙa uku, ba a taka layin mita shida na gaban gola. Ku kawo iyayen da ba su san dokar ba, 'yarsu ta jefa ta shiga raga, alƙali ya soke don ta taka layi, ku ga abin da gwaggo za ta yi masa. Tseren miƙa sanda ma yana da nasa: mutum huɗu, mita 100 kowacce, dole a miƙa sandar a cikin tazarar mita 30. Abin da ya fi ɓata shi, mai karɓa ta tashi da wuri ta bar mai kawowa a baya, ko ta waiwaya ta rage gudu. Matsalarsa ɗaya, ƙasa da minti ɗaya an gama, ba ya ɗaukar ƙarshen fim shi kaɗai.

Mai Kyamara, Dambatta: Bari in shigo da abin da ke kashe irin wannan fim ko da rubutun ya yi kyau. Ba tacewa ba ce, ɗauka ce.

Na farko, jarumar da ba ta iya wasa ba. Kyamara ba ta rufa wa kowa asiri, yadda mutum ya riƙe ƙwallo kawai ya isa a gane. Masu fim ɗin A League of Their Own na 1992, labarin matan da suka buga besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, a Amurka tun daga 1943 lokacin da maza suka tafi yaƙin duniya na biyu, sai da suka sa jaruman atisaye na gaske kafin a kunna kyamara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko dai a ba jarumai aƙalla wata biyu na atisaye, ko a ɗauko 'yan wasa na gaske a koya musu magana a gaban kyamara. Na biyun ya fi arha.

Sai gefen da kyamara take. A zaɓi gefe ɗaya na fili a tsaya a kai. Da zarar an tsallaka ɗaya gefen a tsakiyar wasa, ƙungiyar da ke kai hari dama za ta koma hagu a allo, mai kallo ya rikice ya ɗauka sun ci gidansu. Edita ba shi da maganin wannan.

Sai rana. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku, rana tana tsakiyar ka, fuska a cikin hijabi sai ta zama inuwa, ido ba ya fitowa. Lokacin ɗauka daga bakwai zuwa goma na safe ne, sai bayan la'asar zuwa kusan magariba, awa biyar ke nan a yini in an yi sa'a. Kuma ba a haɗa hoton safe da na yamma a wasa ɗaya, don inuwar 'yan wasa za ta juya. Wasan da zai ɗauki minti goma a fim zai iya cin kwana huɗu ko biyar. Duk jifan da ake so a rage masa gudu a ɗauke shi da hoto 50 ko 100 a daƙiƙa. In an ɗauka da 25 aka ja shi a kwamfuta, sai ya riƙa tsalle-tsalle. In lokacin hunturu ne, hasken ya fi laushi, amma iska tana cika makirfo, ƙura tana shiga gilashin kyamara. A yayyafa wa filin ruwa kafin kowace ɗauka, a sake zana layin da toka ko farar ƙasa, don bayan gudu biyu ya goge.

Mai Shagon Turi, Gwaram: To Oga, furodusan da ke ɗaukar zango guda na fim mai dogon zango a falo ɗaya cikin 'yan kwanaki, shi zai zauna kwana biyar a kan minti goma? Kuma mai zuwa a tura masa fim a memori sunan ɗan wasan barkwanci yake tambaya, ba labari ba. Tun zamanin marigayi Ibro, wanda ya rasu a 2014, haka kasuwar take. In ba fuskar da aka sani, ba mai cewa a tura masa.

Mai Rubutun Fim, Bichi: Fuskar da aka sani ai ga gurbinta: direba, alƙali, mai gadin makaranta, uba. Hoton talla nasa ne, labarin na yaran. Maganar tsada kuma akwai hanyar rage ta. Jafar Panahi na Iran ya yi Offside a 2006, kan 'yan matan da aka kama suna ƙoƙarin shiga filin wasa na Tehran kallon wasan Iran da Bahrain. Kusan ba a nuna ƙwallon ba sam. An tsare su a bayan katanga, soja yana leƙawa yana ba su labarin abin da ke faruwa. Su masu kallo ne, ba 'yan wasa ba, amma dabarar tana aiki: a bar rabin wasan a fuskar masu kallo da bakin mai sharhi, a ɗauki jifa goma masu kyau kawai.

Mai Kyamara, Dambatta: Goma sun yi kaɗan. Ashirin, kuma uku daga ciki a ɗauke su daga nesa ba yanka, tun daga karɓar ƙwallo har shigarta raga. In ba haka ba mai kallo zai ce dabarar edita ce.

Hajiya, Rano: Sutura fa? Nan ne iyaye za su fara dubawa.

Malamar Wasanni, Ringim: Dogon wando mai faɗi, riga mai dogon hannu har cinya, hijabi ƙarami mai kama kai wanda ake cusawa cikin wuyan riga. Ba fil, ba allura, don in an yi karo suna tsaga fata. Babban hijabi mai saukowa gwiwa yana naɗe hannu wajen jifa, abokiyar hamayya kuma tana iya kama shi ba da niyya ba ta shaƙe yarinya. Ko a ƙwallon ƙafa na duniya an amince da rufe kai tun 2014, da sharaɗin ya zama baƙi ko launin rigar, kuma kada a haɗe shi da rigar. Nouhaila Benzina ta Maroko da hijabinta ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023. Saboda haka sutura ba hujja ba ce, Hajiya. Kuma 'yan matanmu suna ji a rediyo cewa Super Falcons sun ɗauki kofin Afirka karo na goma a 2025.

Mai Gidan Kallo, Jahun: Na ji, kuma na janye maganar cewa dole dariyar ta faɗa kan yaran a cikin fim ɗin. Amma yanzu ba a kallon fim a dunƙule. Wani zai yanko daƙiƙa ashirin inda yarinya ta zame ta faɗi, ya ɗora waƙa a kai, ya saka a TikTok. Wanda ya gani bai san ta tashi ta ci gasa ba. Jaruma 'yar birni ta saba da wannan. 'Yar ƙauye da kuka ɗauko don ta iya jifa, a garin za ta zauna, a garin za a nemi aurenta. Wannan wane rubutu ne zai hana?

Mai Kyamara, Dambatta: Rubutu ba zai hana ba, ɗauka tana ragewa. Faɗuwa a ɗauke ta daga nesa, daga gaba ko gefe, ba daga baya ba, kuma ba a rage mata gudu. Hoton kusa na fuska ne da hannu da ƙwallo. Wanda bai sami abin yanka ba zai wuce.

Hajiya, Rano: Ragewa dai, ɗana, ba hanawa ba. Kuma duk yarinyar da ba ta kai 18 ba, sai da takardar yardar mahaifi, da izinin makaranta in a filinta za a yi, da mace babba da za ta zauna da su tun daga safe har a tashi. A yi lokacin hutu, kada a ce fim ya hana karatu. A kuma nuna wa iyayen fim ɗin kafin a sake shi, ba bayan ya shiga wayoyi ba.

Mai Gidan Kallo, Jahun: To madalla. Malama ta ce 'yan wasa 14. Ku samo mini iyaye maza 14 a ƙaramar hukuma ɗaya da za su sa hannu a takardar nan ta Hajiya. Ranar da kuka samu, daren farko a gidan kallona kyauta ne, man janareto ma ni zan saya.

Malamar Wasanni, Ringim: Goma sha takwas, Alhaji. Ka manta 'yan benci.