Kifin teku mai kama da maciji: zai rayu a akwatin gilas a nan?

Mai kemis, Gaya: Salamu alaikum jama'a. Ina da akwatin gilas mai cin lita 200 a shago, da 'yar sola. Wani a Legas ya yi min tallan kifin moray, mai dabbare-dabbaren fari da baƙi, irin da ke ɓuya a ramukan duwatsun teku. Ya ce dubu 90, kuma yanzu bai fi taƙi guda ba. In tura kuɗin ko in haƙura?

Ɗan Wudil: Malam, zuba tarwada. In ta girma ka sayar.

Ɗalibin kiwon kifi: Yaya, kifin ruwan gishiri ne. Kowace lita tana son gishiri kusan giram 35, wato wajen kilo 7 a akwatinka, kuma na musamman ne, ba na miya ba. Ruwan kada ya wuce digiri 27 sosai, ka kuwa san shagon kwano a Afrilu. Sannan yana wuce santimita 60 in ya girma.

Tsohon yaron gida: Ni na yi renonsa a gidan wani Alhaji a birni, kuma wallahi ban yafe ba. Idonsa ba ya gani sosai, da sansana yake farauta. Ina miƙa masa jatan lande ya cafki yatsana, sai da ya kumbura ya yi ruwa. Babu wanda ya ce min sannu. Wani dare aka bar 'yar kafa a murfin, inda waya ke shiga. Da asuba sai ga shi bayan kujera ya bushe ƙayau. Alhaji ya ce sakacina ne, ya riƙe albashina, alhali ɗansa ne ya taɓa murfin. Ya ce dubu 250 ya saye shi.

Mai kemis, Gaya: Subhanallahi! Dubu 250? To ni me za a turo min a 90?

Ɗan Wudil: Gaiwa za a shafa wa fenti.

Baba masunci, Haɗeja: Tun kafin a haife ku nake su. Kifi duk kifi ne. Gaiwa ma tana shiga laka ta kwana rani ba ruwa, ba ta mutu ba.

Ɗalibin kiwon kifi: Baba, a yi haƙuri, gaiwa huhu gare ta. Wannan kuwa har haƙora na biyu gare shi a maƙogwaro, masu fitowa su ja abinci ciki.

Baba masunci, Haɗeja: Yaro, ka taɓa riƙe shi, ko a littafi ka gani?

Maman yara, Ringim: In ya mutu a turo min, farfesu ba ya tambayar asali.

Tsohon yaron gida: Ku bar wasa. Famfon iska ya tsaya dare ɗaya, shi ke nan. Batirinka yana kaiwa asuba?

Mai kemis, Gaya: Ina fa! Ƙarfe 2 yake mutuwa, kuma sabo aka ce min.

Ɗan Wudil: Kwance ne aka canja wa kwali. Ni ma haka aka yi min, na mayar mai shagon ya ce wai firjina ne ya kashe shi. Nawa ka sayi naka?