Ƙanina da ke koyon walda a Kano ya rame, ciwo ne ko kewar gida?

Yayan Yaro
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka taɓa zaman koyon sana'a a birni ku ba ni shawara. Ƙanina ne ɗan shekara 16, bayan babbar sallah muka kai shi Kano wajen wani maigida a wajajen Ƙofar Ruwa yana koyon walda, mu kuma muna ƙauye ta wajen Gumel. Wata uku kenan. Ran Juma'a na je duba shi wallahi sai da gabana ya faɗi, yaron da ke tashi da malmala biyu a gida ya koma kamar sillen kara, ido jawur, ko me ka tambaye shi sai ya ce ba komai Yaya. Maigidan ya ce kewar gida ce za ta sake shi, Inna kuma ta ce a dawo mata da ɗanta ko da sana'ar ta ƙera zinare ce. Na rasa na wa zan ɗauka.

Tsohon Mai Walda
Wa alaikumus salam. Jan idon nan ni na san shi. Satina na farko a Panteka ta Kaduna oga yana walda ni ina riƙe masa ƙarfe, ina ta ƙura wa wutar ido don burge ni take, ba wanda ya ce min kauce. Da rana lafiya lau, sai cikin dare na farka kamar an ɗebo yashi an zuba min a ido, hawaye kawai ke zuba, ko hasken aci-balbal ba na iya kallo. Wani ya ce a ɗiga min madarar gwangwani, wani ya ce tumatir, duk an gwada a kaina, kuma ba su ne suka warkar ba, kwana biyu ya lafa da kansa. Ka tambaye shi ko yana da gilashin walda nasa na kansa. Na walda fa, ba baƙin gilashin gayu na bakin titi ba, yara da yawa da shi suke yaudarar kansu.

Tela Daga Fagge
Ni abinci zan ce ka bincika. Yaron ƙauye kunya ke kashe shi. Lokacin da nake koyon ɗinki koko da ƙosai nake sha da safe, shi kenan sai in oga ya tuna ya ce a sayo garau-garau, a zuba a faranti ɗaya mu biyar, manyan yara su yi loma huɗu kafin ka yi ɗaya, kai kuma baƙo kana jan hannu kar a ce kai mayunwaci ne. Wata shida a haka cikina ya fara zafi kamar an hura gawayi. Abin da babana ya yi, Allah ya jiƙansa, ya samu wata mai tuwo a layin ya riƙa biyanta duk wata. Bai ba ni kuɗin ba don ya san kati zan saya, bai ba oga ba don kar ya ga kamar an ce ba ya ciyar da ni.

Baban Khalifa
Haba, ku ƙyale yaro ya zama namiji. Mu da muka yi koyo ba waya ba komai, sai shekara ta zagayo kake ganin gida, ga shi ba mu mutu ba.

Anti Nas
Baban Khalifa ku da kuka rayu ku ne ke ba da labari ai. Yayan Yaro, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma damina muke ciki, kafin kowa ya ce kewa ce a fara yi masa gwajin maleriya, ɗan jini ne a yatsa, minti 20 an gama. In ita ce, maganin kwana 3 ne safe da yamma kuma ya shanye duka, ba ya ji sauƙi ya ajiye saura ba. Kar ku yarda da mai kemis ɗin da zai kalle shi kawai ya ce maleriya da taifod ya ɗaure masa ƙwayoyi a leda. In yana tarin da ya wuce sati 2, ga zufar dare ga rama, a gwada tarin fuka, gwaji da magani kyauta ne a asibitin gwamnati. Tunda da ƙarfe yake aiki a yi masa allurar tetanus. Sannan ka lura da abokansa, a irin wuraren nan ne ake miƙa wa yaro tiramadol a ce maganin gajiya ne. Ita ma kewar ba wasa ba ce, tana hana ci tana hana barci, jikin da bai ci ba kuma shi zazzaɓi ke kayarwa.

Ɗan Maraɗi
Ni tawa ta fi ta kowa nisa, Kumasi aka kai ni koyon gyaran mota a Suame Magazine. Ba na jin Turanci ba na jin Twi, ranar da aka ajiye min fufu na rasa ta inda zan fara. Bayan gida nake shiga in yi kukana in wanke fuska in fito. Abin da ya cece ni wani dattijo ne da ya ja ni Zango ran Juma'a, na ji ana Hausa ta ko'ina, na ci tuwo da miyar kuka, wallahi ranar na yi barcin da ban yi ba tun zuwana. Ku nemo masa ɗan garinku ko ɗaya ne da zai riƙa zuwa wajensa. Amma waya kullum ba ta taimaka ba a wajena, duk ranar da na ji muryar tsohuwa kwana nake ban runtsa ba, sai da muka mai da ita sau ɗaya a sati.

Yayan Yaro
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na koma. Anti Nas kin yi gaskiya, maleriya ce, ashe a shagon yake kwana kan kwali, ga kwata a bayan shagon, ba gidan sauro, kuma kwana goma yana jin sanyi yana ɓoyewa don kar a ce rago ne a kore shi. Gilashi kuma guda ɗaya ne a shagon, na oga. Na sayo masa nasa da gidan sauro, maigidan ma da na yi masa magana cikin ladabi sai ya ji kunya ya ce ya koma kwana a zauren gidansa. Da muka zauna cin gurasa na ce to faɗa min gaskiya kana son komawa gida? Ya yi shiru can ya ce a'a, shi dai tantabarunsa ne, wa ke ba su ruwa, kuma farar nan ta ƙyanƙyashe? Na ce biyu ta yi. Sai ga shi ya cinye gurasarsa ya jawo tawa. Mun yi da oga zai ba shi sati guda in an fara yankan gero. Saura Inna, har yanzu ba ta sauko ba, amma na ga tana daka yaji tana tambayar wane direba ne ke shiga Kano ran Litinin.